Babur A Hannun Wanda Bai Koya Ba: Mun Gwada Bulala, Saura Makaranta

A iya sanina, babu wata sana'a a ƙasar Hausa da ake faɗa mata rana tsaka ba tare da an durƙusa gaban wani an koya ba. Yaron da za a mayar tela sai ya shekara yana ɗinka maɓalli da goge kaya kafin a yarda ya ɗora almakashi a kan shaddar mutane. Ɗan koyon kanikanci yakan ɗauki shekaru yana wanke noti da miƙa sifana kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai. Wanzami yana da ubangida, maƙeri yana da ubangida, direban babbar mota kuwa sai ya gama cin wuyar zama yaron mota kafin a danƙa masa mabuɗi. Sana'a ɗaya ce tak muka keɓe daga wannan tsari na iyaye da kakanni, wato tuƙin babur, alhali kuwa ita ce wadda kuskuren daƙiƙa guda a cikinta yake iya raba mutum biyu ko uku da duniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata ta'aziyya da na je kwanakin baya a garinmu. Mamacin saurayi ne da bai cika shekara ashirin ba, ya shigo gari ci-rani bayan an gama girbi. Wani ɗan ƙauyensu ya kai shi filin Idi ya nuna masa yadda ake tayar da mashin, da sa giya, da jan totur. Kwana uku suka yi a haka, a rana ta huɗu wani mai hali ya ba shi babur a kan zai riƙa kawo balas kullum da dare. Bai cika wata biyu ba ya kutsa gefen wata tirela tana shirin karya kwana, ƙafafun baya suka bi ta kansa. A wajen zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce kwana ya ƙare, ni ma na faɗa tare da su, domin gaskiya ne. Amma da na koma gida sai abu ɗaya ya tsaya mini a rai: babu wanda ya taɓa gaya wa yaron nan cewa ƙafafun bayan tirela ba sa bin sawun na gaba idan za ta juya, kuma direbanta ba ya ganin abin da ke raɓe da ita. Wanda ya koya masa bai faɗa masa ba, saboda shi ma ba a faɗa masa ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, shekara kusan arba'in ke nan muna fama da matsalar babura a ƙasar nan, mun gwada haramci, mun gwada kame, mun gwada tara da bulala, amma har yau ba mu zauna mun gwada koyarwa da gaske ba. Kafin in kawo hujjojina, yana da kyau mu tuna yadda aka yi muka zo nan.

Waɗanda suka manyanta za su iya tuna lokacin da babur yake abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin gona, a lokacin da ake ba ma'aikaci rancen sayen Vespa ko Honda ko Suzuki, ya lallaɓa abinsa kamar ƙwai. Al'amura sun fara sauyawa ne bayan shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986. Darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin bas na gwamnatoci suka lalace ba a maye gurbinsu ba, garuruwa kuma suka ci gaba da faɗaɗa zuwa unguwannin da ko hanyar mota babu. Daga nan aka samu ɗan acaɓa a Kano da Kaduna, ɗan kabu-kabu a Sakkwato, ɗan okada a kudu. Da masana'antu suka fara durƙushewa, masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi bayanta a 2007, na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa sallamar ma'aikata, sai babur ya zama mafakar duk wanda aka kora daga aiki. A daidai wannan lokaci ne kuma babura masu araha irin su Jincheng daga ƙasar Sin, daga baya Bajaj daga Indiya, suka cika kasuwa. Ashe ke nan babur bai zo mana don sha'awa ba, ya zo ne ya cike gurbin motar haya da ta ɓace da kuma aikin yi da ya ƙare. Dubban daruruwan mutane suka hau titi a cikin 'yan shekaru, babu wanda ya tanadar musu wurin koyo.

To, me hukumomi suka yi? Amsar da suka fi saurin bayarwa ita ce haramci. A watan Oktoban 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, an kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birnin. A Yulin 2011 gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri saboda kashe-kashen da ake yi da shi. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano. Legas ta yi dokar 2012 da ta hana okada bin tituna 475, ta sake tsanantawa a 2020 da 2022, kuma kowa ya san akasarin waɗanda aka murƙushe wa babura a can 'ya'yanmu ne. A maƙwabciyarmu Nijar ma an hana hawa babur a yankin Diffa a 2015. Ba na jayayya da hukumar da ta ɗauki irin wannan mataki domin kare rayuka daga 'yan bindiga, kowane shugaba da abin da yake hange. Abin lura dai shi ne, yawancin waɗannan dokoki na tsaro ne. Ba su mayar da wanda bai iya tuƙi ba ya iya. Wanda aka kora daga babur ya koma kan A Daidaita Sahu da irin hannun da ya baro, wanda aka kora daga birni ya koma ƙaramar hukuma inda ba asibiti ba jami'i, babura na kai-da-kai kuma suna nan fal a kan titi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sau ɗaya ne a tunanina aka yunƙura domin lafiyar mahayin kansa, wato ranar 1 ga Janairun 2009, sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ƙarƙashin Osita Chidoka, ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasar nan. Manufa ce mai kyau, amma duk wanda yake Kano ko Kaduna a lokacin zai tuna yadda ta kaya. Hular ta yi tsada dare ɗaya, wadda ake samu kuma mafi yawanta ta leburorin gini ce. Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, wasu tukunya, har labarin ya kai kafafen watsa labarai na ƙasashen waje ana yi mana dariya. Fasinjoji suka ce ba za su sa hular da wani ya sa ba saboda ƙwarƙwata da cutar fata, jita-jita kuma ta bazu cewa ana yin asiri a cikinta. A Maiduguri abin ya wuce dariya, domin a watan Yunin shekarar ne jami'an rundunar Operation Flush suka yi arangama da mabiya Muhammad Yusuf a kan hanyarsu ta zuwa maƙabarta, batun hular kwano na cikin abin da ya haddasa cacar bakin, aka harbi mutane fiye da goma aka jikkata su. Ba ina cewa hular kwano ce ta haifar da fitinar da ta ɓarke a watan Yuli ba, tushenta ya fi haka zurfi nesa ba kusa ba. Ina dai nuna yadda dokar da aka yi domin ceton rai take komawa abin gaba idan aka fara da bakin bindiga kafin a yi bayani. Ba a yi wata nawa ba kowa ya ajiye hularsa, aka koma gidan jiya.

Abin takaici shi ne, a kan takarda ba mu rasa doka ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, aka kuma sabunta dokarta a 2007. A tsarin lasisin tuƙi na ƙasar nan rukunin A na masu babur ne, kuma sai mutum ya kai shekara 18 kafin ya cancanta. Akwai jami'an duba ababen hawa, waɗanda muka fi sani da VIO, da alhakin jarraba direba ya rataya a wuyansu. Akwai makarantun koyon tuƙi masu rajista a manyan garuruwa. Amma mai karatu ya tambayi kansa, a cikin makarantun nan guda nawa ya taɓa gani da babur a harabarsu? A cikin masu babur da ya sani, har da 'ya'yansa da ƙannensa, mutum nawa ne suka taɓa tsayawa gaban wani jami'i aka gwada hannunsu?

Wani zai ce, shin me ke cikin tuƙin babur da har sai an buɗe masa aji? Wannan tambaya ita kanta ita ce cutar. Mun ɗauka duk wanda ya iya keke, ya kuma iya tsayar da mashin bai faɗi ba, to ya iya. Bari in kawo kaɗan daga abin da filin Idi ba ya koyarwa.

Na farko, birki. Mafi yawan ƙarfin tsayar da babur yana ƙafar gaba ne, masana suna ƙiyasta shi da kusan kashi 70 cikin 100, domin da zarar an taka birki nauyi yakan koma gaba. Amma jeka tashar 'yan acaɓa ka tambaya, za ka tarar da yawa sun yi imani cewa birkin hannu kayar da mutum yake yi, wasu ma sun bar shi ya mutu ba su gyara ba. Sakamakon haka idan abu ya gitta sai mutum ya danne na ƙafa kaɗai, tayar baya ta ja, mashin ya zame da shi. Yadda ake haɗa biyun, a matsa na hannu sannu a hankali ba a fizge shi ba, abu ne da ake koya a wuni guda idan an sami mai koyarwa.

Na biyu, lissafin gudu. Wanda yake tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Tsakanin idonsa ya ga yaro ya fito da gudu da lokacin da hannunsa zai kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye, wato ya shafe tsawon motoci uku ko huɗu bai ma fara tsayawa ba. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake mutuwa da kashi 4. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da suka ce sauri ya haifi nawa, sai dai karin magana ba ya wadatar da saurayin da jininsa ke tafasa. A ja masa layi a ƙasa, a sa shi ya taka birki a gudu iri biyu, ya auna bambancin da ƙafarsa, ba zai sake mantawa ba.

Na uku, gani da a gan ka. Abu na farko da yawancin matasanmu suke yi idan sun sayi sabon mashin shi ne kwance madubai biyu a jefa a ɗaki, wai don ado ko don a ji daɗin kurɗawa. Wanda ba shi da madubi kuma bai saba waiwaye ba, ya miƙa bayansa ga sa'a. Haka nan kowace babbar mota tana da wuraren da direba ba ya hangowa, daf da gabanta, da gefenta, da bayanta. Ƙa'idar mai sauƙi ce, idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Ga kunna fitila ko da rana, musamman a lokacin hazo, ga ba da sigina kafin a juya, ga barin tazara tsakaninka da na gaba, ga sanin wanda yake da hannu a shataletale da mararraba, inda nan ne mota da babur suka fi yin karo.

Na huɗu, abubuwan da suka keɓanta da ƙasarmu, waɗanda littafin Turawa ba zai ambata ba. Yashin da iska ke tarawa a bakin kwalta, wanda yake zamar da taya a kwana. Santsin titi a ruwan farko, sa'ad da man da ya zuba duk tsawon rani ya taso. Akuya da jaki da shanun da ke tsallaka hanya da magariba. Babbar riga ko hijabi ko mayafin da ke saukowa ya shiga ƙafar baya, wanda ya shaƙe mata da yawa ya fizgo su ƙasa. Ɗaukar mace da goyo da yara biyu, ɗaya a kan tanki. Ɗaura buhu uku ko rodi ko gilashi a baya, wanda yake ɗage ƙafar gaba ya kashe ikon sarrafa kan mashin. Sai kuma taimakon farko, domin sau da yawa 'yan uwansa masu babur ne suke fara isa kan wanda ya faɗi, su ɗago shi da hannu da ƙafa a cusa a mota, wanda ya samu rauni a wuya ko gadon baya a ƙarasa shi da kyakkyawar niyya. Mutum nawa ne a cikinsu suka san lambar 122 ta kiran jami'an kiyaye haɗurra, ko suka san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa?

Game da hular kwano kuwa, hujja ta riga ta tsaya. Nazarce-nazarcen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su sun nuna cewa hula mai inganci, da aka ɗaure igiyarta, tana rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Rahoton hukumar na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya duk shekara a duniya, kaso mai yawa daga cikinsu masu babur ne da keke mai ƙafa uku, Afirka ce kuma kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ita ce mafi ƙarancin ababen hawa. Haɗarin hanya shi ne babban makashin 'yan shekara 5 zuwa 29. Wanda bai yarda da alƙaluman Geneva ba ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Legas inda har aka yi wa wani ɗaki laƙabi da sunan okada, ko kuma ya je gidan kowane mai ɗori a ƙauye ya ƙirga 'yan shekara nawa ne a kwance a kan tabarma. Karayar ƙafa tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da mai ɗori.

Duk da haka, koke-koken 2009 ba duka ne shirme ba. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba wasa ba ne, hular da aka ƙera domin sanyin Turai azaba ce a nan. Tsada gaskiya ce, ƙyanƙyamin hular haya ma gaskiya ne. Sai dai wasu sun fuskanci irin waɗannan matsaloli sun warware su. Ƙasar Biyetnam tana da zafi, babur kuma shi ne abin hawan kusan kowane gida. Kafin dokarta ta fara aiki ranar 15 ga Disambar 2007, an shafe shekaru ana ƙera hula mara nauyi mai shigar iska a cikin gida, ana raba wa 'yan makaranta, ana wayar da kai ta rediyo da talabijin. Ranar da doka ta kama, fiye da kashi 90 cikin 100 na mahaya a manyan birane suka fito da hula. Su sun fafe gorarsu tun kafin ranar tafiya. A Kigali ta ƙasar Ruwanda an taɓa haramta babura na haya a 2006, ba a jima ba aka janye da aka ga gari ya tsaya cik, aka koma ga tsari: lasisi, ƙungiya, riga mai lamba, hula biyu, fasinja ɗaya. Kenya ta yi doka a 2015 da ta wajabta wa mai sayar da babur ya haɗa da hula biyu da riga biyu masu ƙyalli, ko da yake aiwatarwa a can ma tana tangal-tangal. A Birtaniya tun 1990 sabon mahayi ba ya hawa titi sai ya yi kwas na dole, wanda galibi wuni guda ne, ana farawa a fili a ƙare a kan hanya tare da malami. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jiha irin Kano ko Katsina ko Bauchi.

Zan yi rashin adalci idan na ɗora laifin duka a kan yaran da ke kan mashin da kuma gwamnati. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke karanta wannan shafi, ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'a, da yawanmu mu ne masu baburan. Mu ne muke saye mu ba yaro ba tare da mun tambaye shi ko ya iya ba, mu yanka masa balas ɗin da ba zai haɗu ba sai ya yi gudu, ya yi lodi fiye da ƙima, ya wuni tun asuba har dare. Daga nan ne gadagi da tiramol suke samun ƙofa, domin jikin ɗan Adam yana da iyaka. Mu ne muke saya wa ɗan sakandare roba-roba ya riƙa kai ƙannensa makaranta alhali bai kai shekarun lasisi ba, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 motoci da yawa suka koma gareji. Mu ne fasinjan da ke cewa yi sauri na makara. Mu ne a cikin mota muke matse mai babur zuwa kwata, muna buɗe ƙofa ba mu duba ba, muna latsa waya muna tuƙi. 'Yan siyasarmu kuma duk kakar zaɓe sai su jera babura ɗari-ɗari a filin wasa da sunan tallafi, a ɗauki hoto, a miƙa mabuɗai, ba horo, ba hula, ba lasisi, sannan a zuba wa matasan mai su raka ayari suna wasan ganganci. Irin wannan wasa muke kallo a ɗaurin aure da rakiyar amarya muna tafi, sai an yi rasuwa mu ce tsautsayi.

Saboda haka ga shawarwarina, kuma babu wadda take buƙatar rancen Bankin Duniya. Da farko, kowace jiha ta tsara gajeren kwas na kwana uku zuwa biyar, da Hausa ko harshen da jama'ar wurin suke ji, mafi yawansa a aikace, a kowace ƙaramar hukuma. Fili ba matsala ba ne, ga filayen Idi da na makarantun firamare a lokacin hutu. Jarrabawar ta zama ta baka da ta hannu, domin kada rashin karatun boko ya zama shinge. Kuɗinsa kada ya wuce abin da mutum yake samu a wuni ɗaya ko biyu, in ba haka ba za a koma sayen takarda ta bayan fage. Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO su horar da dattawan 'yan acaɓa da suka shekara goma ko fiye ba su yi mummunan haɗari ba, su kuma su zama malamai, a riƙa biyansu. Ta haka za a dawo wa sana'ar da ubangidan da ta rasa.

Na biyu, a ɗaure takardar horon da abin da mahayi ba zai iya yi ba sai da shi. Ƙungiyoyi irin su ACOMORAN suna da wakili a kusan kowace tasha, kullum suna yankar tikiti. Wanda ya iya karɓar kuɗi daga kowane mahayi kowace rana zai iya tambayarsa takarda. Kada a ba da riga mai lamba sai ga wanda ya yi kwas. Na uku, kada dila ya saki sabon babur sai da hula biyu masu inganci, gwamnatin tarayya ta sauke harajin shigo da su, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta tsare kasuwa daga na jabu, a kuma ƙarfafa masu masana'antar roba a Kano su ƙera wadda ta dace da yanayinmu. Na huɗu, majalisun jihohi su yi doka cewa duk baburan da za a raba da kuɗin gwamnati ko da sunan tallafi, sai wanda zai karɓa ya nuna takardar horo. Na biyar, wanda ya ba yaro ƙarami ko marar lasisi babur, idan aka yi ɓarna a kama shi tare da yaron, ko uba ne ko maigida.

Na shida, kuma wannan shi ne darasin 2009, a ba da wa'adi na shekara guda ana koyarwa ana shela kafin a fara kame. Gidajen rediyo, masu unguwanni, limamai a huɗubar Juma'a da shugabannin coci duk a sa su a ciki tun farko. Idan lokacin hukunci ya zo, wanda aka kama karon farko a tura shi aji maimakon a karɓi kuɗinsa, domin tarar da ake karɓa a bakin titi kowa ya san inda take ƙarewa. A kuma hana jami'ai bin mai babur da gudu ko jifansa da sanda, wanda shi kansa sanadin haɗari ne.

Na san akwai mai cewa duk wannan wahalar banza ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu mai imani da zai musa ƙaddara. Amma malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Mutumin da yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya sa wa baburinsa sarƙa don kada a sace, bai kamata ya ce kansa ne kaɗai zai bari ba kariya da sunan dogara ga Allah ba. Ran fasinjan da ya ɗauka kuma amana ce, ba shi da ikon yin caca da shi.

Babur ba zai bar mu nan kusa ba. Shi ne motar asibitin ƙauye, shi ne mai kai amfanin gona kasuwa, shi ne mai kai malami makarantar da mota ba ta zuwa, shi ne kuma tukunyar gidaje masu ɗimbin yawa. Tun da haka ne, ya rage wa gwamnoninmu da 'yan majalisunmu da shugabannin ƙungiyoyi su zaɓa, ko su ci gaba da jiran fitina su yi haramci, ko su buɗe aji. Mu kuma masu saye mu bayar, kafin mu miƙa mabuɗi ga ɗanmu ko ɗan wani, mu tambaye shi wa ya koya masa, kuma me aka koya masa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba waɗanda ke kwance lafiya, ya kiyaye mu da zuriyarmu a kan hanya.